Tauri da Danƙo a Ƙirar Wuƙa ta Ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri da ke shimfiɗe a kwarin Dallol Mawri cikin jihar Dosso, ƙira sana'ar gado ce, kuma maƙeran baƙi, waɗanda aikinsu baƙin ƙarfe ne ba azurfa ko tagulla ba, su ne ke samar wa manomi da mahauci da maharbi abin aiki. A da can tama ake haƙowa a narkar, amma yanzu tsoffin ƙarafan mota sun maye gurbinta, musamman sifirin, wanda sinadarin kabon da ke cikinsa ya kai wajen kashi 0.6 cikin ɗari, alhali rodin gini bai cika wuce rabin haka ba, shi ya sa wuƙar rodi ba ta riƙe kaifi.

Abu biyu maƙeri ke nema a ruwan wuƙa, kuma ba sa son zama wuri ɗaya: tauri, wanda ke hana baki dakushewa, da danƙo, wanda ke sa ƙarfe ya ɗan tanƙwaru ya dawo ba tare da ya karye ba. Idan tauri ya yi yawa sai ya zama gautsi, wuƙa ta ɓantare a kan ƙashin rago ranar layya. Idan ya gaza kuwa, sai baki ya lanƙwashe, mahauci ya yini yana wasawa. Saboda haka bayan an fiƙe ƙarfen a kan uwar maƙera, yaro na jan zugazugi a kan gawayin ƙirya, wanda aka fi so domin zafinsa da daɗewarsa, maƙeri yakan jira ruwan wuƙar ya yi ja kamar garwashi, wato kusan digiri 800, sannan ya tsoma bakin kaɗai a ruwa ya bar gadon bayan ya huce a hankali, ta yadda kaifi zai yi tauri, baya ya zauna da danƙonsa.

Wannan ilimi ne na gaske ko da yake ba a rubuce yake ba, domin ido ne ma'aunin zafi, shi ya sa inuwar rumfa ke da amfani, tun da hasken rana na ɓoye launin ƙarfe. Magagari kuma shi ne alƙali: in ya zame a baki bai ci ba, tauri ya kama. Daga nan sai a ɗora ƙota, a miƙa wa baduku ya ɗinka kube.