Hausar zango tamu ce: abin da na gano wajen rubuta maƙala kan harshe da asali

Yaron da ya tashi a zango a ƙasar Gana, kafin ya gama firamare yana da harshe uku ko huɗu a bakinsa. Hausa a gida da layi, Twi a kasuwa da cikin mota, Larabci a makarantar allo, Turanci a makarantar boko. Haka abin yake a Aboabo da Asawase a Kumasi. A Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra kuwa har Ga kan shigo ciki. Muna juya harsunan nan kullum ba tare da mun lura ba, kuma da wuya wani ya zaunar da mu ya ce, to a cikinsu wanne ne naka?

Ni dai sai a jami'a aka yi mini wannan tambaya. A wani kwas na harshe da al'umma, malamarmu ta ce kowane ɗalibi zai rubuta maƙala uku da Turanci kan harshensa da asalinsa. Abin da na ci karo da shi a aikin nan ya shafi duk ɗan zango, shi ya sa na kawo shi nan.

Harshen uwa

Maƙala ta farko a kan harshen uwa ce. Abokan karatuna ba su sha wuya ba. Wannan Fante ne daga bakin teku, wancan Ewe ne daga yankin Volta. Harshe ɗaya, gari ɗaya, kabila ɗaya. Ni kuwa kakana na wajen uba Bazabarme ne da ya zo Kumasi neman kuɗi yana saurayi, mahaifiyata kuma Badagomba ce. Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba, Dagombancina kuma tsinci-tsinci ne. Harshen da aka yi mini faɗa da shi, aka lallashe ni da shi, nake kuma addu'a da shi bayan sallah, Hausa ce. Sai na rubuta haka.

Da takardar ta dawo, malamar ta yi tambaya a gefe da jan biro: ashe Hausa ba harshen Najeriya ba ne? Ba da mugun nufi ta yi ba, so take in kare maganata da hujja. Amma tambayar ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan zango. Mun saba jin ta a bakin mai haya, a bakin ɗan aji, wani lokacin ma a wajen neman takardun ɗan ƙasa, inda mutanenmu ke yawan kokawa cewa suna kaɗai kan sa a tsare mutum da tambayoyi.

Abin da mutanen waje ba su cika ganewa ba shi ne, yawancin masu jin Hausa a zango ba Hausawa ba ne ta jini. Akwai Mosawa, Wangarawa, Kotokoli, Busanga, Fulani, Yarbawa, Dagomba, Zabarmawa, ga kuma Hausawan. Hausa ce ta haɗa su a masallaci da kasuwa da gidan haya, suka yi auratayya, 'ya'yansu suka tashi da ita. Ga irinmu, harshen uwa daban, kabila daban.

Tun kafin a ce Gana

Maƙala ta biyu na mayar da ita amsar jan biron nan. A nan ne na shiga tarihi, kuma gaskiya na sha mamakin yawan abin da ba a koya mana ba.

Fatake daga ƙasar Hausa sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Salaga ce babbar kasuwar wannan fatauci a ƙarni na 19. Kalmar zango ma daga nan ta samo asali, wato inda ayari ke sauka ya huta. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa wasu garuruwa. A ɓangaren kudu kuma, a yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1874 akwai sojojin da ake kira Hausawa, kuma Hausa ta daɗe tana aiki a bariki bayan nan. Ƙasar ba ta samu 'yanci da sunan Gana ba sai 1957.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaji Umaru na Kete Karachi. Haifaffen Kano ne, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci da kuma Hausar ajami, ciki har da waƙa kan zuwan Nasara da wata kan talauci da wadata. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya karɓi rubuce-rubucen Hausa da dama daga hannunsa. Ke nan an yi adabin Hausa a rubuce a bakin kogin Volta tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon tana da tarin irin waɗannan tsofaffin takardu na Larabci da ajami.

Ko a kwanon abinci shaidar tana nan. Waakye da duk ɗan Gana ke bin layi ya saya da safe, daga kalmar wake take. Koose ƙosai ne. Tuo zaafi kuwa ba ya buƙatar fassara.

Duk da haka, a cikin harsuna 11 da gwamnati ke ɗaukar nauyin rubuta su da koyar da su, irin su Asante Twi, Fante, Ewe, Ga, Dagbani, Gonja da Nzema, babu Hausa. Dalilin da ake bayarwa shi ne ba harshen asali na wata kabilar ƙasar ba ce. Amma gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana labarai da Hausa, kuma lokacin zaɓe duk ɗan siyasar da ya shigo zango sai ya nemi mai yi masa tafinta. Ana jin ta a rediyo, ana neman ƙuri'a da ita, amma yaro ba zai zauna a aji a koya masa rubuta ta ba.

Hirar da na yi da Kaka

A maƙala ta uku an ce mu yi hira da wani dattijo a gida. Na zauna da kakata ta wajen uba. Na ce, “Kaka, ba ni labarin lokacin Busia.” Ta yi shiru tukuna, sannan ta ce, “Kai yaro, wa ya aike ka?”

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasa. Mutane masu ɗimbin yawa suka fita, zanguna suka yi ta zubewa. Kaka ta ba ni labarin maƙwabtan da suka sayar da kayan ɗaki da araha, da matan da aka haifa a Kumasi suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ta ce tun daga lokacin kakana bai ƙara yarda takardunsa su yi nisa da matashin kansa ba.

Wahalar ta zo wajen juya maganarta zuwa Turanci. Da ta ce “mun yi haƙuri”, kalmar Turancin da na samu ta yi kama da jiran mota a tasha. Da ta ce an ci mutuncin mutane, na rubuta jimla uku ban kamo shi ba. Na samu maki mai kyau, amma abin da malamar ta karanta rabin abin da Kaka ta faɗa ne.

Sai na ce bari in rubuta hirar da Hausa, yadda ta fito daga bakinta. A nan na ga wata matsalar. Hausarmu ta zango ba ta bambanta namiji da mace. Kaka cewa take “yarinya ya zo”, “mata na ya tafi”. Ba ma furta ƙ da ɗ da ɓ yadda Bakano ke yi, kuma kyau a bakinmu ya fi kusa da cau. Littattafan da na samu kuwa duk da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, irin wadda nake amfani da ita a nan. In na gyara maganar Kaka ta koma ta Kano, na cire ta daga ciki. In na bar ta yadda take, akwai masu cewa gurɓatacciya ce.

Wannan ita ce tsaka mai wuyar ɗan zango. A gida a ce harshenka na Najeriya ne, ka haɗu da ɗan Najeriya ya yi dariya ya ce wannan ai Hausar Gana ce. Ni kuwa na karɓi maganarsa da hannu biyu. E, Hausar Gana ce. Harshen da ya zauna a ƙasa fiye da shekara ɗari, ya canza furuci, ya sake nahawu, ya ari kalmomi daga maƙwabta, ya zama ɗan gida. Masana harshe ma karin harshe suke ɗaukar ta, kamar Sakkwatanci ko Katsinanci.

Wa zai rubuta?

Abin da ya fi damuna shi ne mu masu harshen ba ma rubuta shi. Dattawan da suka iya ajami suna ƙarewa. Mu kuma da muka yi boko, in za mu aika saƙo a waya sai mu ari ƙa'idar Turanci ko ta Twi, kowa da irin rubutunsa, in abin ya gagara a danna a yi magana da murya. Ko Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi da ya kai labarin zango duniya da littafinsa The Prophet of Zongo Street a 2005, da Turanci ya rubuta.

Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana a ƙidayar 2021, kuma da yawansu da Hausa suke sauraron wa'azi da tafsiri. Idan abin da irin su Kaka suka gani ya tsaya a baki kawai, ranar da aka binne su an binne shi. Abin da zai rage shi ne abin da wasu suka rubuta a kanmu.

Ba sai mun jira gwamnati ta ƙara harshe na 12 ba. Makarantun Islamiyya suna hannunmu, awa ɗaya a mako ta isa a fara koya wa yara rubuta Hausa da boko da ajami. Sarakunan zango da limamai suna iya kai maganar gaban Asusun Raya Zanguna, domin raya zango bai tsaya ga kwalbati da filin ƙwallo ba. Ɗalibai 'yan uwana kuma, duk wanda ke da tsoho a gida yana da waya a aljihu. A zauna da su, a ɗauki muryarsu, a rubuta yadda suka faɗa, da “ya” ɗinsu da komai, a sa suna da shekara da unguwa, tun suna iya ba da labarin.