Keshi da Fafaroma Yohanna: Yadda Mutum Ɗaya Ke Juya Akalar Jama'a

Lokacin da aka bai wa Stephen Keshi ragamar horar da Super Eagles a watan Nuwamban 2011, ƙungiyar tana cikin wani hali. Ba ta samu gurbi a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2012 ba, rabonta da ɗaga kofin kuwa tun 1994 a Tunisiya, lokacin shi Keshin ne kyaftin. Ba gwanaye aka rasa ba. An dai saba cewa mai taka leda a Turai rigarsa na ajiye, ko ya taɓuka ko bai taɓuka ba, 'yan wasan gida kuwa sai dai su cika sahu a wajen atisaye.

Wannan al'ada Keshi ya rushe. Da aka tashi tafiya gasar ta 2013 a Afirka ta Kudu, ya ajiye Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki mutum 6 daga gasar cikin gida. Aka yi masa ca. Da wasanni biyun farko suka tashi 1-1, da Burkina Faso da kuma Zambiya, masu suka suka ce ai dama sun faɗa. Sai ga karawa da Kwaddibuwa ta su Drogba da Yaya Toure, wadda kowa ya ɗauka nan tafiyar za ta tsaya. Ana kunnen doki, Sunday Mba, ɗan wasan gida da ƙalilan ne suka san sunansa, ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya kutsa, ya ɗirka. Ta goga jikin mai tsaron baya ta tsallake gola. Shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso ranar 10 ga Fabrairu. A tsaron baya ma, Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ta Akure ne ke tare gida, kyaftin Joseph Yobo na zaune a benci.

Keshi bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba a gasar. Ya dai sa kowa ya gane cewa riga ta mai ƙwazo ce, sai manya suka daina barci, ƙanana suka daina jin tsoro. Illar ita ce gyaran a wuyansa kaɗai ya rataya. Tsakaninsa da hukumar ƙwallo ba a sha inuwa ɗaya ba, Najeriya ta kasa zuwa gasar 2015, aka sallame shi a shekarar, ya rasu a 2016.

A ganina labari irin wannan da ya fi ba da mamaki a coci ya faru. A 1958 manyan limaman ɗariƙar Katolika suka zaɓi Angelo Roncalli, ɗan manoma daga arewacin Italiya, ya zama Fafaroma Yohanna na 23. Shekarunsa 76, don haka da yawa sun ɗauka riƙon ƙwarya zai yi kafin a samu wani. Wata uku da hawansa, a Janairun 1959, ya sanar cewa zai tara shugabannin cocin na duniya baki ɗaya. Taron ya buɗe a Oktoban 1962 da bishop-bishop fiye da 2,000, har da na Afirka da Asiya.

Jami'an fadar Vatican sun riga sun shirya takardu, suna zaton baƙi za su sa hannu su koma gida. A watan Nuwamba aka jefa ƙuri'a kan daftarin da ya shafi wahayi da Littafi Mai Tsarki. Mafi rinjaye suka ƙi shi, amma ba su kai kashi biyu cikin uku da doka ta gindaya ba, wato ke nan dole a ci gaba da shi. Yohanna ya sa baki, ya janye daftarin, ya kafa sabon kwamiti da ya haɗa ɓangarorin biyu su sake rubutawa. Bai faɗa musu abin da za su rubuta ba. Daga ranar bishop-bishop suka tabbatar cewa taron nasu ne, kuma a nan ya sha bamban da Keshi, domin gyaran ya sauka daga kafaɗarsa ya koma hannun mutane dubbai.

Ya rasu a Yunin 1963, zango ɗaya kacal aka yi a gabansa. Magajinsa, Fafaroma Bulus na 6, ya ci gaba har aka rufe taron a Disamban 1965 da takardu 16. Ɗaya daga cikinsu ce ta buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a, bayan ɗaruruwan shekaru ana yi da Latin, shi ya sa a yau ɗan Katolika a Kaduna ko Jos ko Zariya ke jin fada yana jagorantar ibada da Hausa, shi ma yana amsawa da Hausa.