Mutum Takwas da Mai Linzami

Ranar da na gaya wa Inna ta waya cewa na shiga ƙungiyar tseren kwale-kwale, ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Kai, karatu aka tura ka ko su?" Ban ga laifinta ba. Mu mutanen Daura, ruwan da muka yi suna da shi na rijiya ne. Duk yaron garin ya san Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, amma babu kogi a ƙofar gidan kowa. Ɗan iyon da na iya, a kududdufi na koye shi da damina. Shi ya fisshe ni a watan Oktoban 2017 a Oxford, da aka ce ba mai hawa ruwa sai an ga ya yi iyo da tufafi a jikinsa.

Jami'ar Oxford ba ta taru cikin katanga ɗaya kamar ta Zariya ba. Kwalejoji ne sama da talatin warwatse a cikin gari, kowace da ƙofarta da ɗakin cin abincinta, kuma kusan kowace da ƙungiyar tuƙinta. Yawancin masu shiga ba su taɓa riƙe filafili ba sai a nan. A jirginmu akwai Bajamushe mai karatun lissafi, da wani ɗan Indiya likita, da ni, da Turawan Ingila biyar.

Jirgin dai siriri ne, tsawonsa wajen mita 18, faɗinsa kuwa da ƙyar ya ɗauki ƙugun mutum. Mutum takwas ke zama a jere, kowa da filafili ɗaya mai tsawon kusan mita huɗu, maƙale a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgin. Kujerar tana gudu a kan 'yan tayoyi, don haka ƙarfin tuƙin daga cinya yake fitowa, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dukkanmu mun juya wa inda za mu baya. Mutum ɗaya ne ke kallon gaba, na tara, wanda suke kira koks, ni kuwa na sa masa mai linzami, domin igiyoyin juya jirgin suna hannunsa. Tamu mace ce, 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗar kowa a cikinmu ba. In ta ce a tsaya, ƙato mai kilo casa'in tsayawa yake yi ba musu.

Ƙarfe shida na safe muke haɗuwa, a cikin duhu da sanyin da hunturun Daura bai kama ƙafarsa ba. Mu kinkimo jirgin a kafaɗa, mu sa a ruwa, mu yi awa ɗaya da rabi, mu koma aji da tafin hannu duk bororo. In ruwan sama ya cika kogin aka hana hawa, sai a koma kan injin tuƙi na tudu, inda ake auna kowa da mita 2,000. Wannan gwajin ne ke raba wa zai shiga jirgin farko, wa zai koma na biyu. Na ga abokai sun yi mako ba sa ga maciji a kan kujera ɗaya.

Amma injin ba ya faɗin komai game da abin da ya fi wuya. Ni na fi Bajamushen ƙarfi a injin, shi kuwa ya fi ni amfani a ruwa. In filafilinka ya riga na 'yan uwanka shiga ruwa, ko da ƙiftawar ido ne, jirgin zai karkata, bakwai su biya bashinka. Wata safiya na makara wajen zare nawa, ruwa ya riƙe shi, ƙotar ta doke ni a ƙirji, jirgin ya tsaya cik. Suna kiran wannan kama ƙaguwa. Ba wanda ya yi mini faɗa. Mai linzami ta ce a sake, kuma tun daga ranar na daina kallon filafilina, na koma kallon bayan wuyan wanda ke gabana, ina sauraron ƙarar kujeru takwas har ta zama ƙara ɗaya. Ranar da ta zama ɗaya, jirgin kamar ya ɗago daga ruwa, ka ji ruwan na tsiyaya a ƙarƙashinka. Wannan jin ne ke tayar da mutum da asuba wata takwas.

Tseren da duniya ta sani shi ne na Oxford da Cambridge, wanda aka fara a 1829, ake yinsa a Landan daga Putney zuwa Mortlake, kusan kilomita bakwai. Mata suka koma wannan hanya a 2015. Wancan na zaɓaɓɓu ne. Namu na kwalejoji ya ma girme shi, tun 1815 ake yi, kuma ya fi daɗi.

Kogin Thames a Oxford ya yi ƙanƙanta a jera jirage kafaɗa da kafaɗa. Sai aka jera su ɗaya bayan ɗaya, goma sha uku a rukuni, tsakanin kowane biyu tazarar jirgi ɗaya da rabi. Kowane mai linzami yana riƙe da igiyar da aka ɗaure a gaɓa. A harba 'yar igwa saura minti biyar, a sake saura minti ɗaya, a ta uku kowa ya saki igiya. Aikinka ka taɓo jirgin da ke gabanka kafin na baya ya taɓo ka. In ka taɓa shi, gobe kun yi musayar wuri. Kwana huɗu ake yi, Laraba zuwa Asabar. Tun da baya kake bai wa hanya, wanda kake bi ba ka ganinsa, wanda ke binka kuwa ido cikin ido kuke.

Inda kuka tsaya bana, daga nan 'yan baɗi za su tashi. Wurin da muka fara, waɗansu da ba mu taɓa gani ba ne suka bar mana shi, kuma kwalejin da ke ƙasa sai ta yi shekaru tana hawa kafin ta hango gurbin farko. Da na fahimci wannan sai hawan Sallah ya faɗo mini, yadda kowane hakimi ya san gurbinsa a jerin dawakin Sarkin Daura, mahayi kuma ya san ba sunansa kaɗai ya ɗauko ba, na gidansu ne. Bambancin shi ne a kogi ana ƙwace gurbi da gudu. Waɗanda suka taɓo jirgi duk kwana huɗun, ana rubuta sunayensu a filafili, a zana tambarinsu da alli a bangon kwaleji.

Tseren Mayun 2018 ya faɗo a goman farko na azumi, a ƙasar da yini ke kai wajen awa 18. Na yi shi da azumina. Mun taɓo ranar Laraba, Alhamis ba mu kama ba kuma ba a kama mu ba, Juma'a aka kama mu a wata 'yar kwana mai matsi, Asabar muka rama. Gurbi ɗaya muka ƙara wa na bayanmu. Ba zan ɓoye ba, walimar ƙungiyoyin nan giya ta yi mata yawa, kuma Musulmi sai ya san lokacin tashi. Amma a daren Asabar ɗin, mutum takwas suka ƙi taɓa abinci har rana ta faɗi wajen ƙarfe tara, mai linzami ta turo mini dabino.

Ba Turawa ne kaɗai suka san tseren ruwa ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana tseren kwale-kwale a Matan Fada, Yawuri kuma tana da Rigatarta a kan Kwara. Abin da ba mu yi ba shi ne kai shi makaranta. Yau Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da kwalejin fasaha ta tarayya, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga dam ɗin Daberam da na Sabke. Jirgin Turawa kuɗin mota mai kyau ne, ba shi nake nufi ba. Kwale-kwalen katako, da rigar kariya ga kowa, da gwajin iyo, da masunta a matsayin malamai, sun isa a fara.

Bara na je Daberam na nuna wa wani dattijon masunci hoton bidiyon tserenmu a waya. Ya kalla sau biyu, ya ce, "Yaro, su duk sun ba hanya baya. Wa ke gani musu?" Na nuna masa mai linzami. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, ita ce sarkin ruwansu." Sai ya miƙo mini filafilinsa ya ce in shiga gaba, shi zai zauna a baya. Na ce, "Baba, wannan irin ban iya ba." Ya ce in dai ina jin ƙarar nasa, in sa nawa tare da shi. Muka nufi inda ya kafa komarsa.