Taliyar da ba ta bukatar injin murji

Duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram, daga birnin har ƙauyukan Alakos da ke gundumar Gure, ya san taliyar murji: a kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan kanwa, a murza a inji, a shanya a igiya. Matsalar ita ce fulawar daga nesa take zuwa. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu sana'ar sun ji a jikinsu.

A kudancin Sin da Biyetnam kuwa, da shinkafa ake yin taliya, kuma turara ta ake yi. Garin shinkafa ba shi da danƙon alkama, in aka sa shi a injin murji gutsurewa zai yi. Don haka sai a jiƙa shinkafar ta kwana, a markaɗa ta da ruwa-ruwa, kamar ƙullun koko. A zuba sitacin rogo kaɗan, shi ne zai riƙe ta. A shafa mai a faranti, a zuba ƙullun shafal-shafal, a ɗora a madambaci a rufe. Minti 3 ya isa. In ya huce a ɓamɓaro, a shafe shi da mai, a naɗe, a yanka da wuƙa.

Ko karyayyiyar shinkafa, wadda ta fi araha, tana yi. Sai dai wannan taliya ba ta ajiyuwa kamar busasshiya; ranar da aka yi ta ake cinye ta, da mai da yaji.