Fitilar Cek a Mota Mai Giya: Tantance Gaskiya da Jita-jitar Gareji

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Sakkwato zuwa Illela, Gusau ko Birnin Kebbi, in ya dace da kujerar gaba, ya taɓa ganin ɗayan biyu. Ko dai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci a gaban direba tun daga tasha har a sauka, ko kuma ɗan baƙin salatif da aka manna daidai inda take. In ka tambaya, amsar ba ta wuce, "Haba Alhaji, cek ce kawai, motar lafiyarta ƙalau."

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, wannan amsa ta ƙara tsada. Da yawa daga cikin matsalolin da ke kunna fitilar nan su ne ke sa mota shan mai fiye da ƙima, mai ita yana biya kullum bai sani ba. Ga maganganun da aka fi yaɗawa a tasha da gareji game da ita, da matsayin kowace.

Da farko, wa ke kunna ta?

Motar da ke amfani da injekta tana da ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke auna man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Tana samun rahoto daga ƙananan na'urorin da kanikawa ke kira sensa: mai auna iskar da ke shiga, mai auna zafin ruwa, mai ƙirga juyawar inji, mai shinshinar hayaƙin salansa. Idan wani rahoto ya kauce wa ƙa'ida, sai ƙwaƙwalwar ta ajiye lamba, ta kunna fitila. Amurka ta wajabta tsarin bai ɗaya mai suna OBD-II a kan motocin 1996 zuwa sama, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. Shi ya sa yawancin motocin Kwatano da ke yawo a Mabera da Arkilla suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari ko kusa da shi, inda ake jona na'urar karanta lambobin.

"Mota mai giya ba ta da ƙwaƙwalwa, cek ɗinta ba ta nufin komai"

Ƙarya ne. Maganar ta samo asali ne daga zamanin Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ita kafireta gare ta, babu kwamfuta, babu fitilar cek. Akwai kuma wasu tsofaffin motocin Turai na kafin 2001 da ke da ƙwaƙwalwa amma ba a saka musu fitilar ba. Sai dai Corolla, Civic, 406 ko Hilux mai injekta, injinta iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta otomatik, kuma ita ma tana da ƙwaƙwalwar da ke kula da shi. Bambancin yana akwatin giya. Ta otomatik tana da sashen lantarki da ke canza mata giya, kuma shi ma yana iya neman a kunna cek. Mai giyar hannu kuwa hannunka da ƙafarka ne ke wannan aiki. Ma'ana, in cek ta kama a mota mai giya, bincike ya fi sauƙi, domin kusan kullum matsalar tana wajen inji, mai, iska, wuta ko hayaƙi.

"Kuloci ne ya cinye, shi ya kawo cek"

Galibi ba haka ba ne. Faifan kuloci ƙarfe ne da abin gogayya, babu wayar da ke kai rahotonsa ga ƙwaƙwalwa. Alamarsa daban take: ka taka totur inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawa ko da lodi, wani lokaci har da ƙaurin ƙuna. Wanda ya ce a sauke giya saboda cek kawai, ba tare da waɗannan alamu ba, yana shirin sa ka kashe kuɗin banza.

Amma akwai wurare uku da maganar ke da ƙamshin gaskiya. A saman fedar kuloci akwai ƙaramin makunni da ke sanar da ƙwaƙwalwa an taka, in ya lalace wasu motoci kan ba da lamba P0704. A jikin akwatin giya na motoci da yawa akwai sensar gudu, in ta mutu allurar gudu kan kwanta, lamba P0500 ta fito. Sannan a wasu motoci sensar da ke ƙirga juyawar inji tana zaune a mahaɗar inji da giya. Saboda haka idan cek ta kama ranar da aka karɓo mota daga canjin kuloci, a koma a duba wayoyin da aka cire: ko an mance ba a mayar da wata ba, ko an matse ta.

"Yadda mutum ke tuƙi na iya kunna ta"

Gaskiya ne, kuma a nan mota mai giya ta bambanta. Saboda tsadar mai, direbobi da dama sun koma jefa giya ta huɗu ko ta biyar tun mota na rarrafe cikin cunkoson titin Ahmadu Bello, inji yana karkarwa. Wannan nauyi ne babba a kan inji, kuma a irin wannan hali ne fulogin da ya tsufa ko kwayil mai rauni ke kasa ƙona mai. Ƙwaƙwalwa ta ƙirga ɓatan wutar, ta ajiye P0300, ko P0301 zuwa P0304 gwargwadon silindar da ta gaza. Tuƙin ya tona raunin da yake nan tun da, don haka gyara biyu ne: a canza abin da ya gaji, a kuma sauko da giya idan inji ya nema.

Haka ma tura mota don ta tashi. Dama ce da mai giyar hannu yake da ita, amma in aka mayar da ita al'adar kowace safiya, ɗanyen fetur na taruwa a salansa, batir mai rauni kuma kan rikita ƙwaƙwalwa ta ajiye lambobi barkatai. Amma in mota ta mutu a danja saboda sakin kuloci da gaggawa, fitilun duka suka kama har da cek, wannan ba matsala ba ce. Haka suke yi duk lokacin da makulli ke buɗe inji na kashe.

"Mugun mai na kawo cek"

Gaskiya ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, kamfanin NNPC ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa. Janye shi daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka a faɗin ƙasa, masu motoci da dama suka koka da lalacewar inji. A kullum ma, man da ya sha ruwa, ko aka gauraya, ko ya kwana a jarka mai datti a wajen 'yan bumburutu, yana toshe matacin mai da injekta, ya raunana famfon mai. Idan cek ta kama jim kaɗan bayan shan mai, mota tana shiƙa, fara zargin man kafin komai. Amma ba kowace cek ce ta mai ba, kuma zuba maganin wanke injekta ba ya gyara wayar da ta tsinke.

"Murfin tanki kaɗai na iya kunna ta"

Gaskiya ne a wasu motoci, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka. Su suna gwada ko tururin fetur na zurarewa daga tanki. Murfin da ba a ɗaure ba, ko wanda robarsa ta bushe ta tsage, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, duk suna iya jawo P0455 ko P0442. A ɗaure shi sosai ko a sayi sabo. Fitilar ba ta mutuwa nan take, sai ƙwaƙwalwa ta sake gwaji ta ga lafiya a tafiye-tafiye uku a jere.

"Zafin Sakkwato ne, a cire tamostat a sa fanka kai tsaye"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi kama jiki a garinmu, domin kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke, zafi na haura digiri 40. Amma ƙarya ce. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90, wato ya fi ranar Sakkwato zafi nesa ba kusa ba. Tamostat ita ce ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya kai wannan zafi, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. In aka cire ta, inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton har yanzu sanyi ake. Mai ya ƙare da wuri, fulogi ya yi baƙi, motoci da yawa su ba da P0128. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. Shi ya kamata a nema.

Abin da yake gaskiya game da yanayinmu shi ne zafi na busar da robobi su tsage, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, lamba P0171 ta fito. Ƙurar hunturu kuma tana cika matacin iska, ta lulluɓe sensar iska. Mai mota a Sakkwato ya kamata ya riƙa duba matacin nan fiye da yadda littafin mota ya tsara, kuma kada a yarda a cire shi a bar inji yana shaƙar ƙura.

"A cire indomi, mota ta ƙara ƙarfi, cek ta tafi"

Ƙarya ne. Abin da kanikawa ke kira indomi matacin hayaƙi ne da ke cikin salansa, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, faladiyam da rodiyam. Tsadar nan ce ta sa yake da kasuwa, kuma ita ce ta sa ya kamata mai mota ya yi tambaya da kyau kafin ya amince a fasa nasa. Gaskiya ne in ya narke ya toshe, mota na rasa ƙarfi. Amma ba ya narkewa haka kawai, ɗanyen fetur daga injin da ke ɓatan wuta ne ke cinye shi. In aka cire shi, sensar da ke bayansa za ta gane, P0420 ta zauna daram, hayaƙi mai guba kuma ya fita kai tsaye zuwa hancin ɗan acaɓa da mai talla da ke bayanka. Garin neman gira an rasa ido.

"An cire kan batir, ta mutu, an gyara"

Ƙarya ne. Cire batir ko goge lamba da na'ura share rubutu ne kawai. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Matsaloli da yawa sai ƙwaƙwalwa ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila, shi ya sa takan dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. Asarar ma biyu ce, domin tare da lambar ana goge bayanin halin da inji yake ciki lokacin da abin ya faru, wanda shi ne zai taimaki bakanike.

Wannan ya shafi mai sayen mota. Kafin ka biya, murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Dole cek ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, to mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta daga ciki.

"Kwamfuta ta faɗi abin da za a canza"

Rabin gaskiya ne. Na'ura tana nuna sashen da ƙorafi ya fito, ba ta yanke hukunci. Lambar da ta ambaci sensar hayaƙi na iya zama wayar da ɓera ya ci, ko ɓular salansa, ko robar da ta tsage. Bakanike na ƙwarai zai karanta lamba, ya gwada waya da wuta, sannan ya aike ka kasuwa. Haƙƙinka ne ka ce, "Maigida, rubuta mini lambar kafin a goge."

"Da zarar ta kama sai a tsaya"

Ya danganta da yadda take ci. In tana ci tsaye, mota na tafiya daidai, allurar zafi na wurinta, kana iya ƙarasawa gida, ka kai ta a duba cikin 'yan kwanaki. In kuwa tana ƙiftawa, inji na ɓatan wuta sosai, matacin hayaƙi na ƙonewa a lokacin. Sassauta totur, ka nemi wuri ka tsaya, ko da kana tsakanin Kware da Gwadabawa ne da fasinja cike. Kada kuma a haɗa ta da jar fitila mai siffar butar mai. Ita wannan tana cewa baƙin mai ba ya zagayawa yadda ya kamata, kuma kashe inji nan take shi ne kaɗai mafita.

Akwai wata illa ta ƙarshe da ba a cika lura da ita ba. Fitilar ɗaya ce, amma lambobin da ke bayanta ɗaruruwa ne. Wanda ya bar ta tana ci shekara guda saboda murfin tanki, ranar da babbar matsala ta zo ba zai ga wani sauyi a gabansa ba, sai dai ya ji a jikin mota bayan ɓarna ta yi nisa. Karanta lamba aikin 'yan mintuna ne, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na sauke inji ba. A ɓare salatif ɗin nan, a kai mota wurin mai na'ura, a ji abin da take faɗi tun maganar ba ta wuce ta fulogi da roba ba.