Aikin Farko a Nima: Wa Ya San Ka?

Baƙon da ya sauka Nima ko Maamobi daga Maradi, fargabarsa Turanci ce. Alhali a Zango da Hausa ake ciniki. Abin da za a tambaye ka shi ne, wa ya san ka? In mai masauki ko ɗan garinku ya tsaya maka, ka samu dako a kasuwar Nima ran Laraba, ko sauke buhu wajen 'yan albasa a Adjen Kotoku, inda aka mai da su daga Agbogbloshie a 2021.

In ka fita Zango kuwa, yaren Twi ya fi Turanci jawo mai saye. Fara da ƙirgen kuɗi.

Amma fa kwana 90 da ECOWAS ta ba baƙo ba izinin aiki ba ne.