Shekarar hutun karatu a ƙetare: Wa ke cin moriyarta?

A ƙarshen shekarar 2000, jaridun Birtaniya sun wallafa hoton Yarima William durƙushe yana goge masai a Tortel, wani ƙauye da ke kudancin ƙasar Chile. Shekarunsa 18 a lokacin. Ya kammala sakandare a Eton, ya ɗage shiga jami'a da shekara guda, ya bi ƙungiyar Raleigh International ya yi makonni goma yana aikin katako yana kuma koyar da yara Turanci. Ƙanensa Harry ya bi sahu: ya yi kiwo a wata gona a Ostireliya a 2003, sannan ya zauna a Lesotho a 2004 yana aiki da marayu. A Amurka ma, Malia Obama ta jinkirta shiga Jami'ar Harvard daga 2016 zuwa 2017.

Wannan al'ada ta barin gida na tsawon shekara tsakanin sakandare da jami'a ta daɗe da zama ruwan dare a Turai. Masu yabonta kan ce tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma tarihinta ya nuna cewa amfaninta, ga matafiyi da masu masaukinsa, ya danganta da niyyar da aka fita da ita da kuma tsawon zaman da aka yi.

Tushenta ya ratsa ta nan

Ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa ta shi ne Alec Dickson, Baturen da ya kafa cibiyar horar da matasa ta Man O' War Bay a farkon shekarun 1950, a Kudancin Kamaru, lokacin yankin yana haɗe da Najeriya a ƙarƙashin mulkin Turawa. Da ya koma gida, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a 1958. Rukunin farko da ta tura samari ne da suka gama sakandare, waɗanda suka yi shekara guda suna aikin sa-kai kafin su shiga jami'a. A 1967 kuma aka kafa Project Trust a Sikotland, wadda ta fara tura matasanta Habasha.

Ba a daɗe ba VSO ta sauya salo. Ƙasashen da suka samu 'yancin kai ƙwararrun malamai da likitoci da injiniyoyi suke buƙata, don haka ta koma ɗaukar masu sana'a a hannu. A 2007 ma ta fito fili ta gargaɗi matasa game da kamfanonin da ke karɓar maƙudan kuɗi su tura su aikin da bai tsinana wa kowa komai.

Abin da matasa ke tararwa

Watannin farko su ne mafi wuya. Matashin da bai taɓa kwana nesa da iyayensa ba sai ya tsinci kansa a gidan da ba ya jin yarensu, ga abincin da cikinsa bai saba da shi ba, ga kewar gida. Dole ya koyi ciniki a kasuwa, ya lissafa kuɗin da zai kai shi ƙarshen wata, ya yi jinyar kansa idan zazzaɓi ya kama shi. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai bayan ya iya gaisuwa da harshen gari kuma ya san maƙwabta ne zai fara fahimtar inda yake.

Shi ya sa shirye-shiryen da suka fi inganci ke dagewa kan dogon zama. Jami'ar Princeton ta fara nata a 2009: ɗaliban da ta riga ta ɗauka kan yi watanni tara a ƙasashe irin su Senegal da Indiya da Bolibiya, a gidajen mutanen gari, suna koyon harshe, kuma jami'ar ce ke ɗaukar nauyi. Gwamnatin Jamus ta ƙaddamar da shirin weltwärts a 2008 domin 'yan shekara 18 zuwa 28, tare da wajabta musu horo kafin tafiya, da lokacin zama, da kuma bayan dawowa.

Wasu kuwa aikin ƙarfi ke riƙe su. Ostireliya na ba matasan wasu ƙasashe bizar yawon buɗe ido haɗe da izinin aiki, kuma mai son ƙarin shekara sai ya yi kwanaki 88 a ayyuka irin na gona. Da yake a da sa hannun mai gona ne ke tabbatar da kwanakin, wasu masu gonaki suka mayar da shi makami. Binciken da hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta fitar a 2016 ya gano ana tauye wa matasan albashi, wasu ma ba a biyansu ko sisi.

Inda alheri ya zama cuta

Babbar illar ta bayyana a gidajen marayu. A Kambodiya, rahoton UNICEF na 2011 ya nuna gidajen sun ƙaru sosai cikin shekaru biyar, alhali mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Kuɗin da baƙi ke biya don su zauna da marayu ya sa wasu suka riƙa raba 'ya'yan talakawa da iyayensu domin cika ɗakuna. Yaro ya shaƙu da baƙuwa, bayan mako biyu ta tafi, wata ta zo. Ita ta koma gida da hotuna, shi kuma an bar shi da raɗaɗin rabuwa. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ayyana safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje a matsayin nau'in bautar zamani.

Ƙofar ba ta buɗe wa kowa ba

Tafiyar ta fi karkata daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta. Shirin Birtaniya da ke ba matasan ƙetare damar zama da aiki na shekaru biyu ya haɗa da Kanada da Japan da Ostireliya, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Jamus ta ɗan gyara nata a 2013, inda ta fara karɓar matasa daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.

Shi kuwa matashin Najeriya, hutun da ya sani na dole ne: jiran gurbin jami'a bayan jarrabawar JAMB, ko yajin aikin ASUU, wanda ya ci watanni tara a 2020 da wasu takwas a 2022. Duk da haka akwai ƙofar da ke kusa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwanaki 90 ba tare da biza ba. Watanni uku a Kwatano ko Lome ko Dakar, a gidan ɗan uwa ko amintaccen abokin mahaifi, sun isa kunne ya fara sabawa da Faransanci, ido kuma ya ga yadda ake kasuwanci a wata ƙasa.

Ko Tortel za a je ko Kwatano, akwai tambayoyin da ya kamata iyaye da matashin su amsa kafin a ɗaure kaya: a gidan wa zai sauka, me zai koyo, wa zai nema idan ya shiga matsala, kuma aikin da zai yi, mutanen garin ne suka nemi a yi musu shi?